Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tarihin Tsohuwar Kwamfuta a Ƙasar Binuwai

Kwamfuta ta iso ƙasarmu da furfurarta. In aka cire manyan ofisoshin gwamnati da bankuna da masana'antu, da wuya a sami mutumin Figil ko Gidar ko Garwa da zai ce kwamfutar da ya fara ɗora hannu a kanta daga kwali aka ciro ta. Ta riga ta yi shekara huɗu ko biyar a wani ofishi a Beljiyam ko Jamus ko Amurka, an sallame ta, sannan ta hau jirgin ruwa. Wani lokaci ma akan tarar da lambar ma'aikatar da ta yi wa bauta manne a jikinta, kamar shaidar da makiyayi ke yi wa saniya. Saboda haka tambayar da Turawa ke yi wa junansu, wai me za a yi da kwamfutar da zamani ya wuce, mu da ita muka fara, kuma mun shafe kusan shekara talatin muna amsa ta a aikace ba tare da an rubuta ba. Abin da ya sa na ga ya dace a rubuta yanzu shi ne, an fara kai na farkon-farkon wurin 'yan gwangwan ana sayarwa a kan kilo, alhali akwai sauran wani aiki da su kaɗai za su iya yi mana.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga sana'ar raya matacce. Tun da mota ta shigo, maƙeri ya gane daɗin ƙarfen sifirin ɗinta, ya mayar da shi gatari da fartanya da wuƙa. Taya ta zama takalmi, tiyub ya zama guga da igiyar ɗaurin kaya, gwangwanin madara ya zama fitilar aci-balbal, tarkacen alminiyom kuma aka narka aka zuba tukwanen dafa abincin biki. Mu nan Figil, inda masana'antar siminti ke aiki tun 1971, Allah kaɗai ya san yawan tsire da balangun da takardar buhun siminti ta naɗe. Wanda ya yi makarantar allo kuwa ya san tushen wannan tarbiyya. Allo ake rubutawa a wanke, a sake rubutawa, shekara da shekaru, domin takarda a da daga Italiya take fitowa, mai alamar jinjirin wata uku a cikinta, ta ratso Tarabulus da hamada a bayan raƙumi kafin ta iso Kano da Borno. Abin da ya sha irin wannan tafiya ba a yi masa riƙon sakainar kashi. Da wannan ido aka karɓi kwamfuta.

Kamfanin IBM ya fitar da kwamfutarsa ta tebur a Agustan 1981, amma shekara goma sha biyar bayan haka aikin rubutu a garuruwanmu yana hannun tafireta da takardar kabon da injin sitansil. Ƙofar gwanjo ta buɗe ne da abubuwa biyu suka haɗu. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa da ake saye a sefa 50 ya koma 100, duk wani sabon abu da ake shigowa da shi ya ninka kuɗi a dare ɗaya. A can Turai da Amurka kuma kamfanoni sun ɗauki al'adar sauya kwamfutocin ma'aikatansu bayan 'yan shekaru kaɗan, ga fargabar shigowar shekara ta 2000, da aka ce agogon tsofaffin na'urori zai rikice, wadda ta sa aka yi wa ɗimbinsu ritaya lafiyarsu ƙalau. Kamaru ta haɗu da intanet a 1997, sai ga masu buƙata a nan, ga kaya jibge a can.

Hanya biyu kayan suka bi suka iso mu. Ɗaya ta tashar Duwala, a hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, inda dogo ya tsaya tun 1974, daga nan manyan motoci su ɗauko ta Garwa zuwa Figil da Marwa. Ɗayar ta Legas, daga kasuwar Alaba da kasuwar kwamfuta ta Ikeja, a hauro Kano, a gangaro Yola ko Mubi, a tsallako iyaka. Mai lura yana iya karanta asalin kwamfuta daga madannanta. Wadda layinta na sama ya fara da AZERTY 'yar Faransa ce ko Beljiyam, galibi ta Duwala ta shigo. Wadda ya fara da QWERTY ta ƙasashen Ingilishi ce, ta bi ta Najeriya. Na san masu buga takardu da yatsunsu suka haddace duka biyun, kamar yadda bakinsu ya haddace Hausa da Fulatanci da Faransanci.

Araha ba ta ado. A Oktoban 2005 wata ƙungiya ta Amurka mai suna Basel Action Network ta fitar da rahoto a kan tashar Legas, inda ta ce kimanin kwantena 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke sauka duk wata, kowace da kamar na'ura 800, kuma masu sana'ar da kansu sun shaida mata cewa abin da ya kai kashi 75 cikin ɗari na wasu kayan ba ya gyaruwa. Wato ana haɗa mana mai rai da gawa a kwantena ɗaya, mu biya kuɗin jirgin duka biyun. Ba wannan ne karo na farko ba. A 1988 an jibge sama da tan 3,000 na dattin masana'antu mai guba daga Italiya a ƙauyen Koko da ke gaɓar tekun Najeriya, kuma hayaniyar da ta biyo baya na cikin abin da ya haifar da yarjejeniyar Basel ta 1989 da ta Bamako ta 1991, wadda ƙasashen Afirka suka yi don hana shigo da irin wannan datti. Sai dai kwamfutar da aka rubuta wa "kayan gwanjo" ko "kyauta ga makarantu" takan wuce ta ƙarƙashin doka. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2018 ya gano kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki na shiga Najeriya a shekara, kusan rubu'insu matattu, kuma mafi yawa cushe a cikin motocin gwanjo ake shigo da su.

Wadda ta iso da ranta kuma sai ta tarar da ƙasar da ba don ita aka ƙera ta ba. A watan Maris da Afrilu zafi a kwarin Binuwai yakan haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma ta shiga ta toshe fankar da ke sanyaya ta. Wuta daga madatsar Lagdo take zuwa, wadda aka gama a 1982 da ƙarfin megawat 72, ita ke ɗauke da Garwa da Marwa da Ngaundare, kuma duk shekarar da ruwa ya ja baya sai a koma rabon wuta unguwa-unguwa, kamar yadda aka sha a farkon shekarun 2020 kafin a kafa tashoshin hasken rana a Gidar da Marwa. Tsohuwar Pentium 4 da katon allonta mai ƙeya tana shan abin da ya kai wat 150 zuwa 200, ga shi ba ta da batir, ana ɗauke wuta aikin da ba a adana ba ya tafi. A Kafanchan ta jihar Kaduna, Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta koyar da mutanen karkara da kwamfutocin da aka gyara daga Ingila, ta ga yadda zafi da ƙura da rawar wuta ke kashe su ɗaya bayan ɗaya. Har ta haɗa kai da wani kamfanin Ingila don ƙera wata mai suna Solo, mai shan wat 8.5 kacal, marar fanka, wadda ƙaramin sola zai riƙe. Tunani ne mai kyau, amma Solo ba ta bazu a kasuwa ba. Gwanjo ta fi ta araha, kuma kowane mai gyara a Sabon Gari ko babbar kasuwar Garwa ya san cikinta. Masu gyaranmu suka koyi haɗa ɗaya mai rai daga matattu uku, da hura ƙura, da sauya ɗan batirin nan mai kama da kwabo wanda in ya mutu kwamfuta ke mance kwanan wata.

Sana'ar farko da tsohuwar kwamfuta ta haifa ita ce shagon buga takardu, wanda muke kira sakatariya. A ƙasar da hukuma ke magana da Faransanci, talaka kuma da Fulatanci ko Gidar ko Hausa, mai rubuta takardar roƙo da ta ƙorafi ya daɗe da zama a bakin ofishin sufurefe da tafiretarsa. Kwamfuta ta ba shi abin da tafireta ba ta da shi: ya rubuta takardar neman aiki sau ɗaya, ya riƙa sauya suna da kwanan wata. Katin biki, takardar cinikin fili, jarrabawar makaranta, kalandar salla, duk daga na'urar da wani banki a Turai ya ce ta gama yayi. Matsala ɗaya ta dame mu, ita ce haruffa masu ƙugiya. Hausa da Fulatanci duk suna da ɓ da ɗ, Hausa ta ƙara da ƙ, amma madannan ba su san da su ba, sai a buga takarda a bi da biro ana lanƙwasa kawuna. A tsakiyar shekarun 1990 Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙirƙiro samfurin haruffa biyu, Rabi'at da Abdalla, waɗanda marubuta da maɗaba'o'i suka yi ta kwafa daga disket zuwa disket. Mai karatu ya riƙe wannan batu, zan dawo kansa.

A ganina, babu inda tsohuwar kwamfuta ta yi rawar gani irin zauren malamai. Ɗalibin ilimi a ƙasarmu yakan mallaki Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, in ya yi nisa ya sayi Askari da Muhtasar da Jalalaini. Amma manyan littattafan komawa, irin su Fathul Bari ko Lisanul Arab masu mujalladai barkatai, sai a gidan wanda ya je Makka da guzuri mai nauyi, kuma aronsu sai da sanayya. A shekarun 1990 kamfanin Sakhr na Larabawa ya zuba littattafan hadisi tara a faifan CD ɗaya, alhazai suka fara shigowa da shi. Sai a 2005 Maktabatus Shamila ta fito, kyauta, da dubban littattafan tafsiri da hadisi da fiƙihu da lugga da tarihi, ana iya neman kalma ɗaya a cikinsu duka kafin shayi ya huce. Ba ta buƙatar intanet, ba ta buƙatar na'ura mai gudu. Kwamfutar da ba za ta iya buɗe bidiyon Facebook ba tana ɗauke da laburaren da manyan malaman ƙarnin da ya wuce ba su taɓa gani a ɗaki ɗaya ba. Dattawa sun yi gargaɗi, kuma suna da gaskiya: akwai kurakuran bugu a cikinta, kuma ta haifar da samarin da ke ciro hukunci daga littafin da ba su taɓa durƙusawa gaban malami sun karanta ba. Amma a hannun wanda ya riga ya sha karatu, abin da ake yi wa tafiyar kwana biyu ya dawo na minti biyu.

A bakin tasha da kasuwa kuma sai ga masu turi. Da wayoyi masu memori suka yawaita, faifan CD ya fara mutuwa, sai yaro ya sami tsohuwar laftof, ko da batirinta ya mutu, ya cika rumbunta da finafinan Kano da na Indiya masu fassara da waƙoƙi da wa'azi da karatun Alƙur'ani, ya kafa tebur da lema. Mutumin ƙauye ya zo cin kasuwa, ya miƙa memori da 'yan canji, ya koma gida da abin kallon mako guda. Masu shirya fim sun yi kuka, don haƙƙinsu ake ci, kuma kukansu yana kan hanya. Duk da haka wannan tebur shi ne intanet ɗin wanda ba shi da intanet, kuma ya ciyar da gidaje masu yawa.

Wasu sun je da nisa fiye da haka. A 2011 wasu matasa a Faransa suka fara harhaɗa kayan cikin matattun kwamfutoci a cikin jarkar lita 20, suka sa mata suna Jerry, abin ya bazu zuwa Kwaddibuwa da Togo da Benin da Chadi. A Lome, a 2013, Kodjo Afate Gnikou ya ƙera na'urar da ke buga abubuwa masu jiki daga tarkacen firinta da sikana. Akwai kuma manhajojin Linux marasa nauyi, irin su Lubuntu da Emmabuntüs, da ke farfaɗo da na'urar da Windows ya yi mata nauyi, da Kiwix mai zuba Wikipedia baki ɗaya a kwamfutar makaranta ba tare da intanet ba. Jarka ta fi kyau a hoton jarida, ni dai Kiwix ce na ga ta fi kusa da buƙatar makarantunmu.

To, yanzu waya ta karɓe mafi yawan waɗannan ayyuka. Shamila tana cikin waya, fim yana zuwa ta WhatsApp da YouTube, shagunan siba sun koma sayar da caja. Shi ya sa mai tsohuwar kwamfuta ke ganin ba ta da sauran amfani sai nauyin ƙarfenta. A nan ne nake roƙon a dakata.

Tarihin mutanenmu na tsakanin 1975 da 2010 ba a takarda kaɗai yake ba. Yana cikin kaset. Tafsirin azumi na malaman da suka riga mu gidan gaskiya, waƙoƙin makaɗan fada da na 'yan kasuwa, shirye-shiryen Hausa da Fulatanci da mutane suka naɗa daga Rediyon Garwa, saƙon murya da ɗan ci-rani ke aiko wa mahaifiyarsa daga Yawunde ko Makka, bayanin dattijo a kan yadda kakanninsa suka zo daga Kano ko Katsina ko Borno bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta a 1809. Marigayi Eldridge Mohammadou, ɗan Garwa, wanda ya rasu a 2004, da rakoda ya zaga fadojin lamidai yana naɗar bakin tsofaffi, daga nan ya fitar da littattafansa, ciki har da tarihin Garwa da ya wallafa tare da Modibbo Bassoro a 1980. Abin da ya yi a matsayin masani, gidaje da yawa sun yi irinsa ba da niyya ba, kasusuwan suna nan a cikin adaka da kwali. Zaren kaset kuwa zafi yana cinye shi, damina ta sa masa fumfuna. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya suka yi shelar cewa na'urorin kunna irin wannan zare suna ƙarewa, kayan gyaransu ma an daina yi, suka ambaci wajen 2025 a matsayin lokacin da abin zai fara gagara.

Ga inda tsohuwa ta fi yarinya. Kwamfutar tebur ta shekarun 2000 tana da wata 'yar kafa mai launin shuɗi a bayanta, ta shigar da sauti. Waya ba ta da ita, yawancin sababbin laftof ma ba su da ita. Da igiya ɗaya mai kai biyu, daga kafar abin sauraro ta rakoda zuwa wannan shuɗiyar kafa, da manhajar Audacity wadda kyauta ce, kaset ya koma fayil. Gudun na'ura ba ya ƙara komai a wannan aiki, domin kaset mai minti 90 sai ya yi minti 90 yana juyawa, ko a kan kwamfutar da ta fi kowace tsada a duniya. In aka adana sautin da cikakken ingancinsa, kaset ɗaya yakan ci kusan gig ɗaya. In aka matse shi zuwa MP3, kamar meg 90. Ke nan tsohon rumbu mai gig 80 zai ɗauki kaset tamanin a cike, ko kusan ɗari tara a matse. Abin da aikin ke nema shi ne mai haƙuri da zai zauna ya saurara, ya rubuta wane ne ke magana, a ina, wace shekara, tun masu iya gane muryar suna raye.

Haka batun disket da faifai. Kamfanin Sony ya daina yin disket a 2011, sababbin na'urori kuma sun zo ba su da ramin disket, ba su da na CD. Amma littattafan da marubutan Kano suka buga a shekarun 1990, kundayen ɗaliban Jami'ar Ngaundare na farko-farko, hotunan biki da na naɗin sarauta da masu hoto suka ƙona a faifai, finafinan VCD da ba su taɓa hawa YouTube ba, duk suna jiran ramin da zai karɓe su. Ko an ciro fayil ɗin ma da sauran rina a kaba. Rubutun da aka yi da Rabi'at ko Abdalla, in aka buɗe shi a na'urar da ba ta da waɗannan haruffa, duk inda ƙ ko ɗ take sai wata alama daban ta fito. Aikin da aka tsara da tsohon PageMaker kuwa sababbin manhajoji da yawa ba su san shi ba. Tsohuwar kwamfutar da aka yi aikin a kanta ita ce ke da haruffan da manhajar a cikinta. Wanda ya sayar da ita a kan kilo ya sayar da mabuɗi, ya bar akwatin a kulle.

Akwai kuma aikin da ya shafi gobe. Kowa a arewacin Kamaru ya san yaran da ke kaiwa ajin ƙarshe na firamare a ce ba za su zauna jarrabawar CEP ba don ba su da takardar haihuwa, dubbai ne duk shekara. In wa'adin rajista ya wuce, sai an bi ta kotu da shaidu, kuma tambayar farko ita ce ranar da aka haifi yaro. Uba ya ce shekarar da aka yi ambaliya, uwa ta ce bayan Sallar Layya. Alhali babu yaron da aka raɗa wa suna ba tare da liman da dattawan unguwa sun halarta ba. A zauren da nake wa magatakarda, wata tsohuwar kwamfutar tebur ce ke riƙe da wannan lissafi: sunan jariri, uba, uwa, rana a kalandar Hijira da ta Miladiyya. Ba ta maye gurbin takardar ofishin magajin gari, kuma muna faɗa wa kowane uba haka ranar suna, amma in rana ta ɓaci shaidu suna da abin dogaro. A nan muke shigar da ɗaurin aure da sadaki, da rabon gado, da iyakokin gonaki da sunayen waɗanda suka tsaya a kai, tun da dokar filaye ta 1974 takardar mallaka ta hukuma kaɗai ta sani, ita kuwa kaɗan ne cikin manoma suka mallake ta. Wannan aiki bai fi ƙarfin na'urar shekara ashirin ba. Ba a haɗa ta da intanet, don haka daina sabunta Windows XP da aka yi a Afrilun 2014 bai dame ta ba. Abokin gabarta ɗaya ne, filashin da ya zaga shaguna ya kwaso cutar nan mai ɓoye fayiloli, shi ya sa ba kowane filashi ake soka mata ba.

Kada dai a ɗauka na ce a amince mata ɗari bisa ɗari. Kusa da mu a Bidzar akwai zane-zanen da mutanen da suka sassaƙa a kan farin dutse, da'ira cikin da'ira, ba a san ma'anarsu ba amma ga su nan ana gani, in ban da waɗanda fasa dutse ya ci. Takarda mai jinjirin wata uku ta shekara ɗari da hamsin tana karantuwa in gara ba ta same ta ba. Rumbun kwamfuta kuwa yakan mutu da safe ɗaya ba tare da ya yi jinya ba, ya tafi da duk abin da ke cikinsa. Saboda haka duk abin da aka kwafa daga kaset ko aka shigar a lissafi, a ajiye shi wuri uku, ɗaya a wani gida daban, kuma kada a yar da kaset ɗin asali. Mu duk ƙarshen shekara mukan buga lissafin a takarda, a ɗinke, mai gida ya sa hannu. Rubuce-rubucen ajami ma haka: a ɗauki hotonsu da waya a zuba a kwamfuta, in ana son sake buga su akwai samfurin haruffa mai suna Alkalami da aka fitar a 2017 bisa salon rubutun Kano, amma takardar kaka ta koma cikin gafakarta.

Wata igiyar gwanjo na tafe. A ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10, Windows 11 kuma ba ya hawa kan na'urori da yawa masu ƙoshin lafiya, har kamfanin bincike na Canalys ya yi hasashen kimanin kwamfuta miliyan 240 za su rasa kasuwa a dalilin haka. Wani kaso zai biyo ta Duwala da Legas da Kwatano. Ga kuma laftof 500,000 da gwamnatin Kamaru ta fara raba wa ɗaliban jami'a a ƙarshen 2017, masu ɗan rumbu na gig 32, waɗanda su ma yanzu sun shiga sahun tsofaffi. Waɗannan sun fi na da sauƙin wuta, ƙaramin sola zai riƙe su, sun dace da lissafin unguwa da Shamila da Kiwix. Sai dai ba su da ramin disket, da yawa ba su da na faifai, ba su da shuɗiyar kafa. Zuwansu zai sa a ƙara raina na tebur, a daidai lokacin da ya kamata kowane gari ya keɓe ko da guda biyu masu rai, da rakoda mai kyau ɗaya, ya damƙa wa wanda zai kula da su.

Wadda ta mutu murus kuma, a cire rumbunta kafin ta bar gida, don asirin mutane na ciki, kuma sau da yawa rumbun yana da rai ko da uwar ta mutu. A cire memori da fanka da akwatin wuta a ba mai gyara. Allon nan mai ƙeya kada a bari yara su fasa shi, gilashinsa na ɗauke da dalma da ta haura kilo guda, kuma wanda ya ji labarin Zamfara a 2010, inda dalmar da ke cikin dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400, ya san abin da take yi wa jikin yaro. Masu ƙona waya don ciro jan ƙarfe su ma a nesanta su da gidaje da rijiyoyi, hayaƙin robar guba ne. Fere ta da wuƙa ya fi jinkiri, amma jan ƙarfen da bai sha wuta ba ya fi daraja a wurin mai awo.